Yadda Na Gano Musabbabin Ƙarar Tayar Gaba a Tankar Man da Nake Tuƙawa

Ni direban tankar mai ne, kuma motar da ke hannuna tana ɗaukar lita 45,000 na fetur daga daffon Apapa a Legas zuwa Kano. A damunar 2025, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a Mokwa a ƙarshen watan Mayu, tayar gaba ta ɓangaren dama ta soma wata ƙara da ta kai ni gaban masu gyara daban-daban kafin a gano ainihin abin da ke damunta. Na rubuta wannan bayani ne domin direbobi da masu motoci su san irin tambayoyin da ya kamata a yi da gwajin da ya kamata a nema kafin a fitar da kuɗi, domin a motar da ke ɗauke da fetur, ƙarar tayar gaba magana ce ta rai.

Na fara jin ƙarar ne a hanyar tafiya kudu, tankin babu kaya, jim kaɗan bayan na wuce Zariya. Wani gurnani ne mai zurfi, kamar na injin niƙa idan ana jinsa daga bayan gari, yana tasowa idan gudu ya kai wajen kilomita 50 a awa, yana ƙaruwa idan na ƙara wuta, yana lafawa idan na sassauta. Ban da shi akwai wata ƙara daban, ƙwas ɗaya tak, wadda ba ta fitowa sai taya ta faɗa rami ko na hau tudun rage gudu. Duk wanda ya taɓa jan tanki babu kaya ya san yadda yake amsa kuwwa, har ya haɗiye sauran ƙararrakin mota, saboda haka na kashe rediyo, na sauke gilasai, na sa yaron mota ya leƙa ta tagarsa ya saurara. Ya tabbatar mini cewa daga ƙarƙashinsa ƙarar take fitowa.

Tsayuwata ta farko a Tafa ce, wurin wani mai faci da direbobin manyan motoci suka saba da shi. Ya bi notocin taya guda goma ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wanda ya kwance, kuma babu zanen tsatsa da ke gangarowa daga ƙarƙashinsu, wanda shi ne alamar notin da ke motsi. Ya auna iska, ya ciro tsakuwar da ta maƙale a zanen taya, sannan ya shafa tafin hannunsa a kan tayar, ya nuna mini cewa gefenta na ciki ya cinye fiye da na waje. Hukuncinsa shi ne tayar ce ke kuka. Ya ba da shawarar a musanya ta da ta hagu, na yarda, na biya shi kuɗin aikinsa wanda bai taka kara ya karya ba. Da na hau titi sai na tarar gurnanin yana nan a dama, bai bi tayar zuwa hagu ba. Wannan musanya ta yi mini amfani ta hanyar da mai facin bai nufa ba, domin ta wanke tayar daga zargi. Abin da ba a tsaya an bincika ba a wurin shi ne dalilin da ya sa taya za ta ci gefe ɗaya, kuma amsar wannan tambaya ce ta zama rabin matsalar.

Daga Dikko na bi ta Lambata, Lapai, Agaie, Bida zuwa Mokwa, hanyar da kowane direba ya san halinta da damina. A wurare da dama ruwa ya kwanta a ramuka har yana kai wa tsakiyar taya, ga mota ta yi zafi da tafiya. Kafin in kai gadar Jebba ƙwas ɗin ya yawaita, sai na ratse wani garejin gefen hanya. Bakaniken da na tarar matashi ne mai kuzari. Ya sa jak, ya ɗaga tayar, ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, muka ga tana rawa. Nan take ya ce: "Oga, boris ne ya saki, ɗaure shi kawai za a yi." Boris shi ne zoben ƙarfe mai ƙwayoyi wanda taya ke juyawa a kansa. Ya juya tayar da hannu, ta juya lami lafiya ba tare da wata ƙara ba, wanda ya ƙara masa tabbaci cewa boris ɗin bai lalace ba. Ya buɗe murfin hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a jikinta, ya ƙara ɗaure babban notin aksil (ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi) da dogon ƙarfe, ya cusa giris ta baki, ya rufe. Da ya sake girgiza tayar rawar ta ragu amma ba ta ɓace ba, sai ya ce wannan ɗan abin da ya rage kowace tsohuwar mota tana da shi. Aikin bai ɗauki lokaci ba, kuɗin ma kaɗan ne, na tafi da ɗan kwanciyar hankali.

A Legas na yi zaman jiran layi kamar yadda aka saba, sannan aka duba motar kafin lodi. Binciken da ake yi a wannan mataki ya shafi lasisin direba da takardun mota, takardar awon tanki, lafiyar tayoyi, fitilu, tukwanen kashe gobara, murafan sama da bawul-bawul na tanki. Motata ta cika duk waɗannan sharuɗɗa. Ya kamata direba ya fahimci cewa wannan bincike ne na mota a tsaye, ba a ɗaga taya, ba a buɗe hob, saboda haka takardar da aka ba shi ba ta ce komai ba game da boris ko kimfin, sandar da tayar gaba ke lilo a kanta idan an murɗa sitiyari. Aka yi lodi, aka buga hatimi a bakin kowane ɗaki na tankin, na karɓi takardar kaya, na kama hanya.

Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, wato lita 45,000 ta haura tan 33, ban da nauyin kan mota da na tanki. Da wannan nauyi ya hau, gurnanin ya canza murya gaba ɗaya, ya koma gurza, har ina jin tsuma a sitiyari da ƙasan ƙafata. A nan ne na lura da wani abu da daga baya ya zama babbar shaida. Idan na sha kwanar hagu ƙarar tana ƙaruwa, idan na sha ta dama tana raguwa. Dalili shi ne a kwanar hagu nauyin mota yana komawa kan tayoyin dama, kuma a tanka abin ya fi tsanani saboda man da ke ciki shi ma yana tunkuɗawa can. Bayan na wuce Ogbomosho, kafin in shiga Ilori, sai warin ƙonannen giris ya shigo mini. Ban taka burki da ƙarfi ba, na riƙa sauke giya a hankali har na sami fili mai tauri nesa da gidaje da masu sayar da abinci, na ratse, na kashe mota. Yaron mota ya sa weji a tayoyin baya, ya jera alamun gargaɗi da ganye a kan titi, ni kuma na sauko da tukwanen kashe gobara. Na kai bayan hannuna kusa da hob na hagu, ɗumi ne kawai. Na dama kuwa tun daga nesa ake jin hucinsa, fentin murfin ya soma tashi, baƙin giris yana tsiyaya a jikin rim.

Wasu masu wucewa sun kawo shawarar a kwara ruwa, na hana. Ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi irin wannan zafi yana iya tsaga diram na burki ko hob, kuma taya da ta sha zafi daga ciki tana iya fashewa ko bayan an tsaya, saboda haka na hana kowa tsayawa daidai gefenta. Tsoron da na ji a wannan lokaci ba na motar ba ne kawai. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, da na mahaɗar Dikko a jihar Neja a watan Janairun 2025, inda tankokin mai suka faɗi, jama'a suka taru, wuta ta tashi ta ci rayuka masu yawa, yana cikin zuciyar duk wanda ke wannan sana'a. Na kira maigidana na yi masa bayani. Tambayarsa ta farko ita ce ko motar za ta iya lallaɓawa zuwa Ilori. Na ce: "Alhaji, idan boris ya kama, ko dai tayar ta cije ko ta fita, kuma tayar gaba ce." Allah Ya saka masa da alheri, bai ja maganar ba. Mun kuma yi shawarar kada a juye man zuwa wata motar a gefen titi, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, tartsatsi ɗaya daga janareto ko famfo ya isa. Na sanar da mai gidan man da ke jiran kaya da kuma wakilin ƙungiyarmu ta direbobin tanka, na ɗauki hotunan hatiman tanki da na tayar, domin jinkirin kaya yana jawo zargi idan babu shaida.

Wakilin ƙungiyar ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike a Ilori wanda ya daɗe yana aikin manyan motoci. Sai da gari ya waye ya iso da yaransa, kuma kafin ya taɓa ko sifana ɗaya ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi. Ƙarar tana bin gudun mota ne ko gudun inji? Idan na sa furi, wato na cire giya, tana nan? Tana canzawa idan na taka burki? Tana canzawa daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa? A wace kwana take ƙaruwa? Wa ya taɓa tayar kwanan nan, kuma me ya yi? Ya bayyana mini cewa kukan taya yana sauyawa da irin titi, na burki yana sauyawa da taka feda, na inji da giya yana bin juyin inji, amma gurnanin da ke bin gudun taya kuma yake jin kwana, na boris ne. Da na ambaci ƙwas ɗin rami sai ya ce: "Direba, kana da cuta biyu, ana yi maka maganin ɗaya."

Ɗaga tayar gaba a motar da ke da kaya sai da shiri. Suka shimfiɗa katakai masu kauri, suka sa babban jak a ƙarƙashin aksil, sannan suka tokare da wasu katakan domin kada a dogara da jak kaɗai. Dattijon ya zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin tayar yana ɗagawa, ya sa ni na durƙusa ta bayanta ina kallon mahaɗar aksil da abin da tayar ke juyawa a kansa idan an murɗa sitiyari. Na ga motsin da idona. Sai ya sa yaron mota ya hau ya danne burki, iska na nan a tankin burki, ya sake ɗagawa, motsin bai tafi ba. Wannan shi ne gwajin da ya warware komai, kuma bai kai minti biyu ba. Idan aka danne burki, diram da hob suna manne wa jikin aksil, saboda haka rawar da boris ke yi sai ta ɓace. Rawar da ta rage bayan haka ta kimfin ce, wato sandar ƙarfen da tayar gaba ke lilo a kanta. Ya kuma kama tayar ta gaba da baya ya girgiza domin duba kawunan tayarod, wato sandar da ke haɗa tayoyin gaba biyu, ya same su lafiya, ya duba fin-fin na sifirin da notocin da ke ɗaure shi da aksil, su ma babu matsala. Ya nuna mini kan giris na ƙasan kimfin, wato ƙofar da ake buga maiƙo, ya toshe da busasshen laka, wanda ke nufin bushin da ke zagaye da kimfin ya daɗe bai ga maiƙo ba. Cinyewarsa ce ta sa tayar ta kwanta ciki ta sama har ta ci gefe ɗaya, kuma ita ce ke yin ƙwas a rami.

Daga nan na fahimci abin da ya faru a garejin baya. An ga rawar kimfin, aka ɗauka ta boris ce, aka ɗaure noti fiye da kima domin a kashe ta. Boris ɗin da ke irin wannan hob yana bukatar ɗan sarari ƙanƙani domin idan ya yi zafi ya buɗe. Da aka matse shi, ga shi dama ya soma lalacewa, ga nauyi ya hau, sai ya kama cin kansa. Da aka zare hob ɗin mun ga komai a fili. Sil ɗin baya, wato robar da ke hana giris fita da ruwa shiga, ya yage, giris ɗin da ke can ciki ya gauraye da ruwa da yashi, na waje ya ƙone ya zama baƙi, ƙwayoyin boris sun yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, kofin da suke gudu a kai ya yi ramuka ƙanana. Hob mai zafi idan ya shiga ruwa yana hucewa farat ɗaya, sai ya zuƙo ruwan ta wurin sil ɗin da ya gaji. Na tambaye shi dalilin da ya sa tayar ta juya shiru a hannun bakaniken farko, ya ce boris ɗin da ke ɗaukar tan uku ko fiye ba ya faɗin gaskiya idan aka ɗauke masa nauyi.

Zoben ciki na boris ɗin ya ɗan kama sandar aksil. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce a kawo wutar walda a gasa shi, dattijon ya juya ya ce masa ko da tankin babu kaya ba zai kunna wuta a nan ba, domin tankin da aka sauke wa fetur cike yake da tururi. Da abin jan boris ya fitar da shi a hankali. Ya goge sandar, ya bi ta da farce yana neman zane ko tudu, ya duba zaren noti, ya ce mun tsira da ita. Da na ƙara tafiya kaɗan da zoben ya narke a jikinta, kuma da sai an nemo wata sandar gaba ɗaya.

Sayen kaya ya ci mana wuni. Na bi ɗaya daga cikin yaransa zuwa cikin gari riƙe da tsofaffin boris ɗin, domin lambar da ke jikinsu ake bi, ba sunan mota ba. A wani shago aka fito mana da iri biyu masu lamba ɗaya, ɗaya ya ninka ɗayan kuɗi fiye da sau biyu. Yaron ya nuna mini bambancin rubutun da aka zana a jikin ƙarfen, da santsin ƙwayoyin, da yadda kejin mai arahar ke kwaram-kwaram. Na kira Alhaji, ya ce a ɗauki mai kyau, ya turo kuɗin. Muka sayi na ciki da na waje kowanne da kofinsa, da sabon sil, da sabon makullin noti, da gwangwanin giris mai jure zafi, na karɓi rasit na kowane abu. Kuɗin kayan da na aikin da na zirga-zirga, idan aka haɗa, bai kai kuɗin sabuwar tayar gaba guda ɗaya ba.

Wajen haɗawa na tsaya a kansu ina kallo. Sun wanke hob ɗin tas, domin ba a gauraya tsohon giris da sabo, kuma iri biyu na giris suna iya tsinkewa idan sun haɗu. Sun fitar da tsofaffin kofuna suka buga sababbi, domin sabon boris a kan tsohon kofi ba ya daɗewa. Sun cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta tsakanin ƙwayoyin. Sun duba layinin burki suka ga maiƙo ya ɗan taɓa shi, sai dattijon ya ce a canza na ɓangarorin biyu domin kada mota ta riƙa ja gefe ɗaya. Wajen ɗaure notin aksil, ya matse shi yana juya hob domin komai ya zauna, ya sassauta, ya sake ɗaurewa kaɗan, sannan ya kafa agogon awo ya ja hob ɗin ciki da waje. Ya ce sararin da ake so a irin wannan boris yana tsakanin milimita 0.025 zuwa 0.127, abin da hannu ba zai iya tantancewa ba. Ya ƙara da cewa wasu sababbin motoci suna zuwa da hob rufaffe wanda ba a saita shi, idan ya lalace canza shi ake yi ɗungurungum, don haka a duba littafin mota kafin a taɓa noti. Game da kimfin, ya buɗe kan giris ɗin ya cika shi, ya ce zai kai ni Kano idan na tafi a hankali, amma kada in sake yin lodi kafin a gyara.

Na taso da gudu kaɗan. Bayan kamar kilomita 50 na tsaya na sake bin notocin taya, domin tayar da aka cire aka mayar tana zama, notocinta su ɗan saki. Duk inda na tsaya ina gwada ɗumin hob na dama da na hagu, na same su daidai. Gurnanin ya tafi gaba ɗaya, ƙwas ɗin kuwa yana nan, kamar yadda aka gaya mini. A Kano aka duba hatimai, aka auna kaya, aka sauke, sannan muka nemo kayan kimfin a kasuwar Ƙofar Ruwa. An yi aikin a gareji mai injin matsa ƙarfe, an canza na ɓangarorin biyu tare da bushi da boris ɗin da ke ɗaukar nauyi a ƙasa, an buɗe hob na hagu aka sabunta masa giris da sil, sannan aka yi saitin tayoyin gaba. Saiti kafin gyaran kimfin asarar kuɗi ne, domin tayar da ke rawa ba ta riƙe awo. Tayar da ta ci gefe an mayar da ita baya, aka sa sabuwa a gaba.

Ga ɗan'uwana direba, abin da zan ce shi ne ka zama mai kai wa bakanike bayani cikakke, domin kai ne kake jin motar da kaya a kanta, shi kuwa a tsaye yake ganinta. Ka lura da gudun da ƙarar ke farawa, da kwanar da take ƙaruwa, da abin da burki ke yi mata, kuma kada ka ɗauka duk ƙarar da ke fitowa daga taya ɗaya tushenta ɗaya ne. Idan aka girgiza taya aka ga rawa, ka nemi a danne burki a sake gwadawa a gabanka kafin kowa ya taɓa notin aksil, kuma idan an ce boris ne, a zare hob a gan shi da ido, domin ƙara giris ta baki ba ya nuna abin da ke baya. Ina ganin masu motoci ma suna da nasu rabon, domin direban da ya san za a cire masa kuɗin jinkiri zai yi ta lallaɓa mota har ta kashe shi, kuma na'urar auna zafi daga nesa, wadda ake nuna wa hob a karanta lamba, ba ta kai kuɗin cika tankin gas na tafiya ɗaya ba. Mafi sauƙin lokacin gyara shi ne kafin lodi, lokacin da za a iya shiga gareji a yi aiki a tsanake. A motarmu yanzu an tsayar da cewa duk bayan tafiyar da aka ratsa ruwa mai zurfi za a buga giris a kimfin har sai tsohon ya fito ta sama da ƙasa, kuma za a buɗe hob na gaba a duba sil a farkon damina da ƙarshenta.